Wa Zai Sa Shi Cikin Ruwa?

Yohanna sura 5 ta ba da labarin wani mutum mai ciwon shekara 38, kwance a bakin tafkin Betasda. Ga ruwan a gabansa, amma ba shi da mai sa shi ciki. Yesu ne ya je inda yake.

Irin wannan mutum yana nan a Agege. Da kwalara ta ɓarke a Legas a 2024, an yi ta gargaɗi a rediyo da takardu. To, amma kurma ba ya jin rediyo, makaho ba ya karanta takarda, gurgu kuma matakala kan tare shi.

Legas tana da dokar kare naƙasassu tun 2011, ta tarayya kuma aka sa mata hannu a 2019. Sai dai doka ba ta goya mutum. Ɗan'uwa ke goyawa.

Saboda haka, ranar rigakafi ko wa'azin tsabta, ikilisiya ta tanadi mai fassara da hannu. Matasa su yi wa makafi jagora, Zumuntar Mata ta bi gida-gida. A kuma sa naƙasassu cikin kwamitin lafiya, gama mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ubangiji ya taimaki ikilisiyarsa. Amin.