Robar Gwajin Jini Tambaya Ɗaya Take Amsawa

Idan damina ta kankama a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, daga Dabai zuwa Ribah da Mahuta, babu kayan aikin da ke shan hannu a kemis da ƙananan asibitoci kamar ƴar farar robar gwajin zazzaɓi. A soki yatsa, a ɗiga jini, a bi shi da ɗigon ruwan magani, a jira kamar minti 15 zuwa 20. Ba banza ba: binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Najeriya, kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar cutar. Kebbi da Bayelsa ne kuma aka fara yi wa yara rigakafinta a Disamba 2024.

Sai dai ana yawan jin uwa ta fito tana cewa, "An gwada jininsa, an ce ba komai." Wannan "ba komai" ɗin ya fi ƙarfin abin da robar ta faɗa.

A cikinta akwai siririyar takarda da aka shafa wa sinadarin garkuwa, irin wanda jiki ke ƙerawa don ya cafke baƙon abu. Kowane irinsa abu ɗaya ya sani. Kamar Bafulatanin da ya shiga kara neman saniyarsa da ta ɓata ne: cikin shanu ɗari ita zai nuna, amma kada ka tambaye shi na wane ne sauran. Yawancin robobin da ake kawo mana an shirya su ne su kama furotin guda, HRP2, wanda ƙwayar zazzaɓi mai tsanani ke zubarwa cikin jini. In ya samu, sai launi ya taru, layi na biyu ya fito. In bai samu ba, iyakar maganar ita ce ba a ga wannan furotin ba. Ciwon huhu, sanƙarau, taifot, ciwon mafitsara, duk suna iya dafa jikin yaro robar tana nuna layi ɗaya, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Wannan tsantsar ƙwarewa aiki ta ci. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka haɗa ƙwayar garkuwar ɓera da ƙwayar da ba ta daina hayayyafa, suka samu hanyar samar da sinadarin garkuwa iri ɗaya sak, komai yawan da ake so. Sun samu kyautar Nobel a 1984. Gwajin ciki da na ciwon hanta da ake yi kafin aure duk wannan dabarar suke hawa.

Sanin abu ɗaya kuwa yana da nasa cikas. HRP2 kan daɗe a jini makonni bayan magani ya kashe ƙwayar, don haka yaron da ya warke daga zazzaɓin sauro, ya kamu da wani ciwo daban, zai iya nuna layi biyu, a sake ɗura masa maganin da ba nasa ba. Akwai kuma akasin haka. A 2010 masu bincike suka bayyana cewa a yankin Amazon na ƙasar Peru akwai ƙwayoyin da ba sa yin furotin ɗin sam, daga baya aka same su da yawa a Eritriya, har ƙasar ta sauya irin robar da take amfani da ita.

To in ba sauro ba ne, mene ne? A nan wani furotin na jikin mutum kansa ke taimakawa, wato CRP, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a 1930 a jinin masu ciwon huhu a birnin New York. Hanta ce ke yin sa, kuma yakan ninka sau ɗaruruwa a ruwan jini idan kumburi ya yi tsanani, musamman na bakteriya. Da sinadarin garkuwa ake auna shi, yana kuma taimaka wa likita ya yanke ko a ba da maganin kashe bakteriya ko a bari. Shi ma dai ba ya faɗin sunan ciwon, balle inda yake.

Abin da ya fi burge ni a robar shi ne layin da ke gefen harafin C. Ba ruwansa da cuta. Aikinsa ya shaida cewa ruwan ya bi takardar yadda ya kamata. In bai fito ba, gwajin ya lalace, ko da ɗayan layin ya fito ɓaro-ɓaro. Zafin rana na lalata sinadarin, ga shi wasu shagunan kan ajiye kwalin a ƙarƙashin kwano tun daga bazara.

Don haka, mai karatu, in an gwada ɗanka, tambayi abin da aka nema a jinin, ka duba ranar ƙarewar aikin robar, ka ga layin C da idonka. In an ce babu zazzaɓin sauro amma jiki bai sauka ba, kada ka saya masa maganinsa don "ko da wani abu". Kai shi babban asibitin Zuru ko wanda ya fi kusa da kai, a nemi abin da ke damunsa.