Binne: Tashin Matattu da Begen Kirista

Wata rana cikin watan Afrilu, ana zafin da zufa ke jiƙa alli a hannun malami, wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, wannan idin Pâques da ake ba mu hutu dominsa, mene ne ma'anarsa?" Na ba shi amsar ƙamus, na ce rana ce da Kiristoci ke tunawa da tashin Yesu Almasihu daga matattu, a rana ta uku bayan an gicciye shi. Yaron ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce: "To, ko da ya tashi, me hakan ya ƙara wa wanda aka binne uwarsa jiya?" Aka kaɗa ƙararrawa ban amsa ba. Wannan rubutu bashin amsar nan ne nake so in biya, domin tambaya ce da ta cancanci a zauna mata, ko mutum Kirista ne ko ba Kirista ba.

Tun da farko ya kamata a faɗi inda hanyoyi suka rabu. Musulmi da Kirista duka sun gaskata cewa matattu za su tashi a yi hisabi. Amma Musulunci, bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, ya koyar da cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, alhali Kiristanci kacokan a kan mutuwar nan da tashin da ya biyo bayanta ya kafu. Wannan saɓani ne na gaske, kuma shafa masa mai ba ya ƙara zumunci. Nufina a nan shi ne mu fahimci abin da maƙwabcinmu yake nufi idan ya ce ya dogara ga tashin matattu, don an ce sanin hali ya fi sanin kama.

An gicciye Yesu a Urushalima wajen shekara ta 30 ko ta 33, zamanin da Bilatus Babunti yake gwamnan Yahudiya a ƙarƙashin daular Rum. Gicciye hukuncin bayi ne da ƴan tawaye, an shirya shi ne don a wulaƙanta mutum a bainar jama'a har kowa ya ji kunyar ambaton sunansa. Littattafan Bishara ba su ɓoye cewa almajiransa sun watse ba, har Bitrus, babbansu, ya yi musun saninsa sau uku. Ga al'ada, nan labarin ya kamata ya ƙare. Sai ga mutanen nan da suka gudu sun fito fili suna shelar cewa kabarin ba kowa, kuma sun gan shi da rai. Waɗanda aka ce sun fara kai labarin ma mata ne, cikinsu har da Maryamu Magadaliya, a zamanin da ba a ba shaidar mace nauyi. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, Bulus ya rubuta wa jama'ar Koranti wasiƙarsa ta fari, inda a sura ta 15 ya ɗora addinin gaba ɗaya a kan wannan batu guda: in tashin bai auku ba, to wa'azinsa da imaninsu duka aikin banza ne. Ke nan ga Kirista tashin matattu shi ne ginshiƙin ɗaki, in an zare shi rufi ya faɗo.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne irin tashin da ake nufi. Masanan falsafa na Girka, musamman Aflatun, sun daɗe da koyar da cewa rai ba ya mutuwa, jiki kuwa kurkuku ne da mutuwa ke buɗe wa rai ƙofarsa. Da abin da Bulus ya kawo ke nan, da mutanen Atina ba su yi masa ba'a ba sa'ad da ya yi musu jawabi. Abin da ya ba su dariya shi ne cewa jiki ne zai tashi, wannan jikin da ke jin yunwa da zazzaɓi. Bishara ta Yohanna ta ba da labarin Toma, almajirin da ya tsaya a kan cewa gani ya kori ji, kuma abin da aka nuna masa shi ne gurbin ƙusoshi a hannu da na mashi a haƙarƙari. Wanda ya tashi, da tabonsa ya tashi. Ma'anar wannan tana da nauyi: abin da aka yi wa mutum a duniya ba a share shi kamar rubutun allo, ana riƙe da shi a matsayin shaida, sai dai an raba shi da ikon hallakarwa. Bilatus ya yanke hukunci, Allah ya warware. Don haka Kirista yake cewa maganar ƙarshe a kan wanda aka zalunta ba ta bakin azzalumi za ta fito ba.

Harshenmu ya tanadi kalmar da ta fi dogon sharhi. Manomin gero a ƙasar Gobir ko Adar, idan bazara ta yi nisa, yakan ɗebi iri ya shuka a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba. Wannan shuka sunanta binne, ko bizne kamar yadda wasunmu ke faɗa, kalma ɗaya da wadda muke amfani da ita idan an kai mamaci makwancinsa. Irin nan hatsi ne da iyali za su iya dakawa su sha a lokacin da rumbu ya yi ƙasa, amma maigida ya hana ciki ya ba ƙasa. Ba shi da iko da girgije, yana kuma sane da cewa ɓera ko zafin rana na iya cinye abin da ya binne. Duk da haka ya shuka, saboda ya taɓa ganin damina. Bulus ma da ƙwayar hatsi ya kwatanta jikin mamaci, ya kuma kira tashin Almasihu nunan fari, wato tumun da ke nuna cewa sauran gonar na nan tafe. Idin kansa yana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wanda a Turai lokacin fitowar furanni ne, a wurinmu kuwa tsakiyar ƙuna ce, sa'ad da babu ɗanyen haki ko ɗaya da zai yi wa mai bege shaida.

Kalmar bege ita ma abin dubawa ce. Bahaushe yana da fata, wadda ake yi da baki, kamar a ce muna fatan a yi damina mai albarka. Bege kuwa ciwo ne na zuciya, kewar wanda ake ƙauna ba a ganinsa, shi ya sa muke da waƙoƙin begen Annabi. Kiristoci masu magana da Hausa wannan kalma suka ɗauka, tare da sa zuciya, don su ambaci abin da Faransanci ke kira espérance. Sun yi dacen zaɓi. Mai bege bai daina kuka ba. Yana kuka ne kamar wanda ya raka matafiyi tasha, yana sa ran wata rana a sake haɗuwa.

Sai dai akwai ƙorafi mai ƙarfi, kuma mu da muke koyar da adabin Faransa mun san shi sarai. Karl Marx a 1844 ya kwatanta addini da abin sa maye da ke kwantar wa talaka zafin wahala. Albert Camus a littafinsa La Peste na 1947 ya tsayar da likita Rieux da fada Paneloux a bakin gadon yaron da annoba ke kashewa a birnin Oran, likitan ya ƙi karɓar duk wani bayani da zai sa azabar yaro ta zama abin yarda. A ganin Camus, wanda ya ɗora zuciyarsa a kan wata rayuwa yana iya sakin wannan da ke hannunsa. Ba za a ce ƙarya ya yi ba. An yi zamanin da aka ce wa bayi su yi haƙuri ladansu na sama, mai bulala kuma yana zaune a sahun gaba na coci. Begen da ke sa mutum naɗe hannu kasala ce da aka yi wa rawani.

Amma idan jiki ne zai tashi, to jiki yana da daraja tun yau, kuma wanda ya gaskata haka ba shi da hujjar ƙetare majinyaci. A nan ne likitan Camus da mai bege na gaskiya suke haɗuwa a bakin gado ɗaya. Asibitin Galmi, wanda ƴan mishan suka buɗe a 1950 tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, da cibiyar Danja kusa da Maraɗi, wadda ta shahara da jinyar masu cutar kuturta da mata masu yoyon fitsari, mutanen da suka yi imani da tashin matattu ne suka kafa su, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa magani a cikinsu Musulmi ne. Da begen nan gudun duniya ne, da ba a wanke miki da shi ba.

Gwaji mafi tsanani ya zo ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe ta zama tarzoma a Damagaram da Yamai. An rasa rayuka kimanin 10, an ƙona coci-coci da dama, a Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙirga 45. Waɗanda abin ya faɗa wa ƴan ƙasa ne da ba su zana komai ba, ƴan tsirarun da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba bisa ƙidayar 2012. Tarihi zai kuma riƙe cewa akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. Shugabannin coci suka yi kira da a yafe. Ba a cika wata uku ba, ranar 5 ga Afrilu, Idin Tashi ya zo, mutane suka taru suna shelar cewa rai ya rinjayi mutuwa, alhali bangayen da wuta ta ci suna nan da baƙinsu. Haka fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a Bomoanga a watan Satumbar 2018 aka sako shi a Mali a watan Oktobar 2020, ya fito ya ce ya yafe wa waɗanda suka ɗaure shi. Muna da karin maganar da ke cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma kowa ya san inda take kai gari. Wanda ya tabbata cewa akwai Alƙalin da ko kabari bai fi ƙarfinsa ba, yana iya ajiye ramuwa ba tare da ya ce ba a cuce shi ba. Yafewa ba ta ɗauke wa hukuma nauyin yin shari'a, kamar yadda tashin bai goge gurbin ƙusoshi ba.

To, me zan ce wa ɗalibina? Tashin matattu ba ya mayar wa maraya uwarsa yau da dare, kuma Kiristan da ya ce masa kada ya yi kuka bai karanta littafinsa ba, tun da Bishara ta nuna Yesu kansa ya yi hawaye a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Abin da yake ba shi shi ne dalilin ɗaukar ramin nan a matsayin binne, da dalilin tashi da safe ya ci gaba da kula da ƙannensa. Ko a yarda da tushen wannan imani ko kada a yarda, wannan tsakanin kowa ne da Mahaliccinsa. Amma mu malamai, da muke tara ƴaƴan masallaci da na coci a kan benci ɗaya, haƙƙi ne a kanmu kowane yaro ya san abin da ke riƙe zuciyar na kusa da shi ranar da aka yi masa mutuwa, don in ya je gaisuwa ya san abin da zai faɗa.