Komai Nisan Jifa, Ƙasa Zai Faɗo

Wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya san yadda ake miƙo. Mai miƙo yana ƙasa ya cilla tubali, magini yana bisa katanga ya cafe, hannunsa ko gezau. Dalili kuwa, tubalin yana isa gare shi ne daidai lokacin da gudunsa ya ƙare. Tun barinsa hannu ƙarfin fizgar ƙasa ke rage masa sauri, kimanin mita 9.8 a daƙiƙa, duk bayan daƙiƙa guda. Wanda aka wurga da gudun mita 10 a daƙiƙa zai hau kusan mita 5 cikin daƙiƙa ɗaya, ya tsaya cak, ya juyo.

Wannan darasi ne ake rubuta wa ɗalibai a allo su haddace, alhali da yawansu sun ƙware a jifan mangwaro da harbin danƙo. Hannunsu ya riga ya sani. Abin da ya rage a nuna wa idonsu.

Malam ya ɗora kwandala biyu a bakin tebur. Ya ture ɗaya ta faɗo tsaye, a lokaci guda ya ɗalle ɗayar ta yi gaba. Ya ce yara su kasa kunne. Ƙara ɗaya za su ji, domin tare suke dira, duk da ta biyun ta yi nisa. Tafiyar gaba daban, faɗowa daban: ƙasa ba ta rage wa jifa gudunsa na gaba, jawo shi kawai take yi. Haɗuwar tafiyoyin biyu ce ke ba jifa lanƙwasar da ake gani. Galileo, masanin ƙasar Italiya, ya bayyana haka a littafinsa na 1638.

Yara za su ce abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa. Iska ce ke ruɗa su. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka dira tare. A aji, takarda shimfiɗaɗɗiya da wadda aka dunƙule sun isa nuna aikin iskar.

Saboda haka malaman kimiyya, ku fara fitar da yara fili su yi jifa, su auna, su yi gardama. Lissafin allo ya biyo baya.