Fasali a Kan Haƙƙin Wanda Ke Ƙasan Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya rayar da ƙasa da ruwan sama bayan mutuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ka sani ya kai almajiri, da kai ɗan kasuwa, kowace sabuwar hukuma tana zuwa da tsarinta na raya ƙasa. Mas'alarmu ita ce: da wane ma'auni za a auna shi?

An kafa Jihar Kano a 1967, aka naɗa Audu Bako gwamna. Ya ƙudura tare ruwan damina domin noman rani. Farin 1973 ya nuna hikimar haka, aka kammala madatsar Tiga a 1974. Magadansa suka ɗora: Guzu-guzu a ƙasar Kabo, Pada a ƙasar Gwarzo, sannan Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye a 1992. Alherin wannan bayyananne ne. Alkama da shinkafa da tumatir suka wadata a Kura da Kadawa, fatake suka sami abin safara.

Sai dai ruwan Tiga da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke malale fadamun Haɗeja da Nguru. Da aka tare su, malalar ta ragu, masunta da makiyaya da manoman can suka ƙuntata, alhali ba su ci laifin kowa ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yanke hukunci a ruwan da bai zama mallakin kowa ba: na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. An ba shi gabatuwa, ba a ba shi mallaka ba.

Idan wani ya ce maslahar jama'a tana rinjayar cutar ɗaiɗaiku, ka ce masa: na'am, amma mutanen Nguru su ma jama'a ne, nisansu da fada ba ya zubar da haƙƙinsu. Wanda ya cika mudu ga na kusa ya tauye shi ga na nesa, bai tsira daga tauye mudu ba.

Saboda haka, in ka ji sabuwar hukuma tana shelar wani aiki, kada ka gaggauta yabo ko zargi. Tambayi wanda ke ƙasan ruwa ko rabonsa ya iske shi. Amsarsa ce ma'auni.

Wallahu a'alamu. Tammat bi hamdillahi.