Tsabtar Gari Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ɗora mana amanar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ba mu manta da damanar 2024 ba. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya ci rayuka da gidaje a Maraɗi, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram ya rushe. Saukar ruwa hukuncin Allah ne, mun sallama. Amma magudanar da ta toshe da shara aikin hannunmu ce, kuma za a tambaye mu.

Manzon Allah (SAW) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma hana yin bahaya a kan hanya da inuwar mutane da mashayar ruwa. Saboda haka ne magabata suka naɗa muhtasibi mai duba tituna da kasuwanni. A yau wannan nauyi yana wuyan hukumar gari.

Sauke shi yana buƙatar tsari. Hukuma ta fara sanin inda juji yake da inda ruwa ke kwanciya a kowace unguwa. Ta tsai da ranar kwashe shara da wanda zai kwashe, ta yashe magudanai tun bazara, ta hana gini a kan hanyar ruwa. Idan shekara ta zagayo, ta duba abin da ya gyaru, ta bayyana wa talakawa inda harajinsu ya shiga. Tun 2014 aka yi dokar hana leda a Nijar, amma ga ta nan a kan itatuwanmu da cikin tumbin awakinmu. Doka ba ta aiki sai da mai bin sawunta.

Mu kuma kada mu zargi shugabanni alhali da dare muna tura yara su zuba shara a magudana. Ruwan da ya kwanta nan shi ke haifar da sauro, sauron kuwa ɗan maƙwabci yake cizo. Wannan haƙƙi ne, kuma sallar nafila ba ta goge haƙƙin maƙwabci.

Limamai da masu unguwa su sa ranar gayya kafin ruwan farko, mu fara daga ƙofar masallacinmu.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu damana mai albarka. Amin.