Darasi: Itacen Gawo da Amanar Gona

Abin karantawa: Farawa 2:8-15; Kubawar Shari'a 20:19-20 da 22:6-7.

Sa'ad da Ubangiji Allah ya sa Adamu cikin gonar Adnin, aiki biyu ya ba shi: ya nome ta, ya kuma tsare ta. Na farko mun riƙe shi da hannu biyu. Na biyu fa?

Ku dubi gawo, wanda kowane manomi a arewacin Nijeriya ya sani. Dukan itatuwa suna yin ganye da damina, shi kuwa a lokacin ne yake kakkaɓe nasa. Ta haka gero da dawa da ke ƙarƙashinsa suna samun rana, ganyen da ya zuba kuwa ya zama taki. Sa'an nan da rani, sa'ad da jeji ya bushe ƙurmus, sai ga shi kore shar, gama saiwarsa tana nitsewa ƙasa ƙwarai har ta kai ga ruwa. Awaki da shanu suna cin 'ya'yansa a kwanakin da ba ciyawa. Wane ne ya koya masa wannan? Lalle ba mutum ba ne. Duk da haka akwai wanda zai sare shi yau domin buhun gawayi, gobe kuma ya yi gunaguni cewa gonarsa ta gaji.

Shari'ar Musa ta hana Isra'ilawa sare itatuwa masu 'ya'ya ko da a lokacin yaƙi ne. In Allah ya kāre itacen abokan gāba, balle fa ɗorawa da kaɗanya da kuka na ƙauyenmu, waɗanda mata suke samun daddawa da man kaɗe da miya daga gare su? Haka nan wanda ya iske sheƙar tsuntsu, an yardar masa ya ɗauki 'ya'yan, amma dole ya saki uwar, watau kada iri ya ƙare.

A shekarar 1956 aka keɓe dajin Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Can ne giwaye da ɓauna da gwanki suka sami mafaka, alhali dā kakanninmu suna ganinsu ba da nisa da gari ba. Wutar da samari suke sa wa jeji domin gafiya guda tana cinye ƙwan zabi da ƙananan itatuwa duka.

Mai koyarwa ya tambayi dattawan ƙungiya: waɗanne namun jeji kuka sani da ƙuruciya waɗanda jikokinku ba su taɓa gani ba? A rubuta sunayensu, a kawo su cikin addu'a ran Lahadi mai zuwa.