In Da Rai Da Rabo

Mun taso muna jin wannan karin magana a bakin masu zuwa dubiya da jaje, har ta zame mana jiki, ba mu tsayawa mu tambayi abin da ta ƙunsa. A wannan ɗan rubutu muna so mu kai ta ɗakin likitan ciwon daji, a ranar da ya zaunar da mace 'yar shekara 25 ya shaida mata cewa za a fara yi mata magani mako mai zuwa. Tambayarmu ita ce: wanda ya tsaya ceton rai, shin yana da ikon yin shiru game da rabon da maganinsa zai iya tafiya da shi?

Masana sun tabbatar cewa da ƙwayayen haihuwarta ake haifar mace, kimanin miliyan 1 zuwa 2, kuma tun daga ranar raguwa suke yi. Magungunan da ake ɗura wa mai ciwon daji ta jijiya ba su tsayawa kan cutar kaɗai, wasunsu sukan halaka ƙwayayen nan. Haka ma gashin da ake yi da haske mai ƙarfi idan ya faɗa kan mara. Sai mace ta warke, amma al'adarta ta ɗauke tun ba ta kai 30 ba.

Da can wannan hasara ba ta da makawa, don haka ba a tuhumar kowa. Yanzu lamarin ya sauya. A 1984 aka haifi jaririya a Ostireliya daga ƙwan da aka haɗa da maniyyi aka daskarar, a 1986 kuma aka sami haihuwa a can daga ƙwan da aka daskarar shi kaɗai. A 2004, a ƙasar Beljiyam, wata mata da ta warke daga ciwon daji ta haihu bayan an mayar mata da yankin ma'ajiyar ƙwanta da aka cire aka adana kafin magani. Tara ƙwai kan ɗauki kimanin mako 2 na allurai, sannan a ajiye su cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Sharaɗin dai guda ne, a yi kafin a fara magani.

Likitan da ya yi shiru yana da hujjoji, kuma bai kamata mu raina su ba. Zai ce mara lafiyar a firgice take, ƙara mata wani tunani zalunci ne. Zai ce a ƙasarmu da yawa ba su zuwa asibiti sai ciwo ya ci jiki, jinkirin mako 2 ba wasa ba ne. Zai ce iyalin da suka sayar da gona don kuɗin magani, me zai amfane su da labarin abin da sai asibitocin kuɗi na manyan birane ke yi? Zai ƙara da cewa ƙwan da aka adana ba alkawarin ɗa ba ne. Hujjar jinkiri mun karɓe ta a inda take gaskiya, domin akwai ciwon da ba ya jira. Sauran kuwa, idan muka dube su da kyau, duk hukunci ne kan abin da matar za ta iya ɗauka da abin da ya fi mata daraja, kuma an yanke shi ba ta nan. Shirun ya zama zaɓi ke nan, sai dai wani ne ya yi mata. Mai yiwuwa da an gaya mata ta ce a fara magani yau, haihuwa ta Allah ce. To, ita ta faɗa. Kuma mu da muka san irin zaman da wadda ake kira juya take yi tsakanin kishiyoyi da dangin miji, mu ne ya fi cancanta mu ji kunyar cewa wannan ƙaramin al'amari ne.

Ko an yi magana ma, da wa aka yi? Sau da yawa miji ake ja gefe. A nan akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba. Ƙwan da aka haɗa da maniyyin miji na mutum biyu ne, kuma malaman fiƙihu da suka halatta wannan aiki sun ɗaure shi da sharaɗin auren yana nan. Idan mijin ya rasu, ko ya gaji da jinya ya miƙa takarda, abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, to ajiyar ta zama wadda ba ta taɓuwa. Ƙwan da aka daskarar shi kaɗai kuwa nata ne, ko da wani auren ne a gabanta. Mijin kirki ma ba lalle ne wannan ya faɗo masa a rai ba.

Inda muka fi samun kanmu a tsaka mai wuya shi ne batun yarinya. Wata 'yar Kongo mai ciwon sikila, cutar da kusan kowace unguwa a nan ta san ta, ta koma Beljiyam, inda aka yi mata dashen ɓargo, wanda shi ma sai an fara da irin magungunan nan masu ƙarfi. Tana da shekara 13 aka cire mata ma'ajiyar ƙwai guda aka adana. A 2014, tana da shekara 27, ta haifi ɗa namiji. Yarinya 'yar 13 ba ta san me uwa take ji ba, kuma an yi mata tiyatar da ciwonta bai buƙata ba, a lokacin da ba a taɓa samun haihuwa daga ajiyar da aka yi wa ƙaramar yarinya ba. Manyan da suka amince da aikin ba su san ko za ta so haihuwa ba. Sun dai ƙi yarda a rufe maganar kafin ta girma, suka bar ajiyar cikin sanyi har ranar da ta dawo da ƙafarta ta nema.